Kwandon Sharar Kawu Mai Hoto

Kawu Mai Hoto bai taɓa jefar da komai ba. A shagonsa akwai kujera mai ƙafa uku da ke jiran kafinta tun yana saurayi, da mataccen ƙwan fitila a naɗe cikin jarida, wai ko wata rana zai farfaɗo. Da zamani ya raba shi da ɗakin wanke hoto ya haɗa shi da kwamfuta, hali bai canja ba, ɗaki kawai ya sauya. Hoton da ya fito dishi-dishi, da wanda mai shi ya rufe ido, har na babban yatsansa a bakin kyamara, duk suna nan. "Wa ya san gobe?" in ji shi.

Goben ta zo ranar da kwamfutar ta cika, ba masaka tsinke, ta ƙi motsi. Ga shugabar wata makarantar firamare tana jiran hotunan yaye ɗalibanta, an gyara su tsaf, bugawa kawai ta rage.

Sai aka kira ɗan ƙanwarsa, wanda dangi ke ce wa Injiniya tun da ya gama jami'a, ko da yake tarihi ya karanta. Zaman gida ya ishe shi, kuma yau ne aka fara neman digirinsa da wani amfani. Ya shiga bincike a wayarsa, yana neman manhajar da za ta nuna abin da ya cinye wuri a kwamfutar. Manhajar farko tallan maganin tumbi ta kawo musu. Ta biyu ta ƙi zama don babu wuri, sai da Kawu ya sadaukar da hotunan yatsansa, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori.

Nan take fuskar kwamfutar ta cika da akwatuna kala-kala.

"Ka gani, Kawu, girman kowane akwati girman wurin da ya cinye ne."

"To wannan jan ƙaton fa, mai kama da filin ƙwallo?"

Kafin ya amsa, wani ya leƙo neman hoton fasfo, Kawu ya ja shi bayan labule. Injiniya ya duba jan akwatin: kwandon shara ne, ya lashe rabin kwamfutar. Ya danna a zubar. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Tun da ya bar makaranta bai taɓa tabbata da wani abu kamar haka ba.

Kawu ya dawo ya tarar da kwamfuta tana gudu kamar yarinya. "Allah ya yi maka albarka, karatu bai faɗi ƙasa banza ba." Ya zauna, ya nufi kwandon kai tsaye, ya buɗe. Wayam.

"Ina kayana?"

"Wane kaya, Kawu? Ai shara ce."

"Sharar gidanku! Nan nake ɓoye duk aikin da na gama. Yarana in sun zo buga wasa ba inda ba sa taɓawa. Amma ka taɓa ganin ɗaya cikinsu ya kusanci shara, ko ta tsakar gida?"

Injiniya ya ce, "Katin kyamarar fa?"

"Na ɗauki wasu a kai. Ai waɗancan sun shiga ma'ajiya."

Haka aka kira yara daga hutu, aka sake aro rigunan yaye. Wadda ta zo ta ɗaya ta yi tafiya, ƙanwarta aka ɗora wa hular, ta rufe mata ido. Shugabar makaranta ta tsaya a tsakiya da murmushin da ya fi zagi zafi. Injiniya ne ya riƙe labulen baya, shi ya sa a kowane hoto labulen yake kamar yana rawar sanyi.

Har yau in wayarsa ta tambaye shi ko ya tabbata, sai ya kife ta ya fita waje. Dangi sun sauke shi daga Injiniya zuwa Mai Shara.

Kawu kuwa ya ce ya koyi darasi, ya daina ajiya a kwando. Yanzu folda ya buɗe, ya rubuta mata "Ƙwayar cuta, kar a buɗe". Jiya aka ji yana tambayar maƙwabcinsa ko ya san wata manhajar da ke share ƙwayar cuta, wai an ce tana ƙara wa kwamfuta sauri.