Littattafan Yaya Alhassan da Na Hura Wuta da Su

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Alhassan, kuma shekara tara ke nan ina riƙe da wata ƙarya. Bana dai na gaji da ita.

Ga wanda bai san shi ba, malamin jami'a ne, injiniya, kuma duk iliminsa a kan zafi yake: yadda yake shiga abu da yadda yake fita. Mu a gidanmu na Tishigu dariya muke masa. Mutum ya je har ƙasar Turawa ya karanto zafi, ya dawo Tamale inda ake rabon sa kyauta! Da rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa, shi zai hau babur da ma'aunin zafinsa yana sallama gida-gida. Ya auna ɗakin laka mai rufin ciyawa, ya auna na bulo mai kwano, ya rubuta a littafi irin na 'yan makaranta. Burinsa ya gano ginin da talaka zai iya yi, wanda ba zai gasa shi ba a watan Maris.

Ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai Madam Abena, abokiyar aikinsa 'yar kudu, da wasu masana na ƙasashen waje. Sun buga kaɗan daga binciken, an ce har yau ɗalibai suna kafa hujja da shi. Amma gundarin aikin yana cikin littattafan nan, bai kai ga sa su a kwamfuta ba ciwo ya kwantar da shi.

Bayan sadakar arba'in aka ce in kintsa ɗakinsa, don ni ce ƙanwarsa da ke gidan. Na yi abin da aka koya mana tun muna yara: ba a yar da takarda sai an duba ko da sunan Allah a jiki. Wallahi na duba, shafi-shafi. Duk mai rubutun Larabci na ware na ƙulle a tsohon zane, na ba mahaifiyarmu ajiya. Sauran kuwa lambobi ne zalla da sunayen unguwanni, Gumbihini, Nyanshegu, ɗakin wane, ɗakin wance. Na zuba su a kwali kusa da kurfoti, murhunmu na gawayi. Damina ce, gawayi a jiƙe. Kafin ruwa ya ɗauke na gama hura wuta da su kaf.

Sai ga Madam Abena. Ta durƙusa ta gai da Mma, mahaifiyarmu, ta juyo gare ni da Hausarta ta kasuwa.

"Hajiya, littafi na Dakta, wanda shi rubuta zafi, yana ina? Mutane namu duka suna jira."

Na ce mata gara ce ta cinye su. Ta zauna a dakali tana hawaye. Abin da ya fi ci mini rai, ita ce ma ta yi ta ba ni haƙuri.

Da Yaya zai leƙo Tishigu yau, ban san me zai auna ba. Ɗakunan lakan da ya bi ɗaya-ɗaya an rushe yawancinsu, ko'ina bulo da kwano, ba halin a sake aunawa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Mun rushe ɗakin Mma don gudun gori, muka yi mata na siminti, muna ta murna mun fitar da ita kunya. Daga nan kowace bazara sai mun fito da ita gindin dalbejiya muna shimfiɗa mata jiƙaƙƙen zane. A zafin bara ta cika. Ajali ne, na sani, amma ni na ga yadda take haki a ɗakin nan.

Ina kwashe kayanta na ci karo da ƙullin takardun Larabcin. A ciki akwai shafi ɗaya na littafin Yaya, wanda ya tsira don ya sa Bisimilla a kansa. Awon tsohon ɗakin Mma ne. A ƙarƙashin lambobin ya rubuta da Hausa cewa bai taɓa auna ɗakin da ya kai shi sanyi ba, kada a taɓa shi.

Sunansa na nan a mujallun masana, suna ta ambato. A gidan da aka haife shi kuwa shafi ɗaya ya rage, shi ma ba mu karanta ba sai da aka yi jana'izar Mma.

Madam Abena, in wannan ya iso gare ki, ba gara ba ce. Ni ce. Shafin yana wurina, ki zo ki karɓa.