Azumin da Yaya Sahabi ya bar wa Inna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, kuma kusan kowace shekara sai in ɗauki biro in ajiye. Ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba, in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Abin da ya sa na rubuta bana shi ne faɗuwar da mahaifiyarmu Inna ta yi a tsakar gida cikin watan jiya, tana ɗauke da azumin da ba nata ba.

Ni tela ne a Gummi. Yaya Sahabi shi ne ya yi karatu mai zurfi a gidanmu, har ya samu aiki a wani babban filin jirgin sama a Kudu. Yana zama a saman hasumiya, yana magana da matuƙa ta rediyo, shi ke ce wa wannan ya sauka, wancan ya dakata. Ya ce min ƙa'idar aikin ita ce duk umarnin da ka bayar, sai matuƙi ya maimaita maka ka ji da kunnenka.

A daminar da aka yi ta maganar gubar dalma a Bagega ya dawo gida da jakarsa, ya ce ya ajiye aiki. Sai da muka je gona ni da shi ya ba ni labari. Ranar ana hadari, jirage sun taru suna jiran sauka. Ya umarci wani babban jirgi ya tsaya a inda yake, kada ya ƙara yin ƙasa. Daidai lokacin da matuƙin ke amsawa, wani matuƙin ya danna tasa rediyon. Idan biyu suka yi magana tare, ba a jin kowa, sai ƙara. Yaya ya ɗauka an ji shi, ya juya ga na gaba. Ashe ba a ji ba. Jirgin ya ci gaba da sauka, ya nufi wani da ke ƙasansa, sai da matuƙin ya fizge shi sama da ƙarfi suka tsira. Babu jirgin da ya faɗi. Amma da jirgin ya sauka, daga tagar hasumiya Yaya ya ga an fito da wata tsohuwa daga cikinsa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, mayafinta yana jan ƙasa. Ya tambaya, wasu suka ce ta farfaɗo, wasu suka ce ba ta kai asibiti ba.

Daga nan bai ƙara jure muryoyi biyu a lokaci ɗaya ba. Kun san yadda muke gaisawa, kana tambayar gida ana tambayarka gajiya, kowa na amsawa a kan maganar ɗan'uwansa. Shi sai ya yi shiru har ka gama, sannan ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ce boko ya sa masa girman kai. Abokin wasansa Buba, Bafulatanin da ke kawo shanu daga Nasarawa Burkullu, ya taɓa ce masa a kasuwa, “Kai Sahabi, ina kwana ma sai ka ba ta izinin sauka?” Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Maimaita, Buba, ban ji ba, saniyarka ta danna rediyo.” Rabona da ganin dariyarsa ke nan.

Sai ya fara azumin kaffara, wata biyu a jere, irin na wanda ya kashe rai bisa kuskure. Malamai sun ce masa babu kaffara a kan shakka, bai saurara ba. Gyambon ciki ya riƙa karya masa azumin, shi kuma ya koma ya faro daga farko. A haka ya rame, a haka ya rasu bai cika ba.

Yanzu jiragen yaƙi sun yawaita a samanmu, suna wucewa wajen Anka da Bukkuyum. Yara su ɗaga kai, manya su yi ta addu'a. Nakan ce da yana nan, da ba jirgin zai duba ba, tambaya zai yi: wa ke magana da matuƙin, kuma matuƙin ya maimaita masa?

Tun da ya rasu Inna ta ɗauki azumin nan a kanta. Tana da ciwon suga, likita ya hana ta, takan yi kwanaki jiki ya ƙi, ta huta ta sake farowa kamar yadda ya yi. Na kawo mata liman ya ce ba a biya wa mamaci irin wannan. Da ya fita ta ce min, “Liman shi ya haife shi? Kai Ɗahiru, in tsohuwar ga ta mutu, wa za ya tsaya mai gaban Allah?” Na ce, “Inna, in kuma ba ta mutu ba fa?” Ta ce, “To kawo man wanda ya gan ta da ƙafafunta, in sha ruwa gabanai.”

Ba ni da wanda zan kawo. Wayar Yaya ta ɓace, abokan aikinsa ban san ko ɗaya ba. Wani lokaci ina cikin ɗinki sai in tsayar da keke, in ce to idan amsar da za ta zo ita ce ta mutu fa? Na auna wannan har kaina ya yi ciwo. Ko haka ne ina so in sani, in karɓi azumin ni da nake da sauran ƙarfi.

Abin da ya rage na Yaya a gidanmu shi ne har yau 'ya'yansa ba sa katse mai magana. Sai kuma wannan azumi da ke cin mahaifiyarsa.

Don Allah, duk wanda ya yi aiki a hasumiya da wani Sahabi mutumin Gummi, ko yana cikin jirgin nan, ko tsohuwarsa ce aka fitar ranar, ya aiko ta hannun editan wannan jarida. In waya ce, zan kara wa Inna a kunne, mu duka mu yi shiru. Jiya ma na ji ta tana tambayar jikarta ko akwai sauran fura ta sahur.