Tonton Séka da ankon jana'iza

Tonton Séka, wato Kawu Séka, ya yi shekara talatin yana buga wa mutane takardu da injin tafireta a wata rumfa a unguwar Yopougon ta Abidjan, ni kuma Amenan ina sayar da attiéké, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a gefensa. Mutum ne mai tsini, ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Shekara ashirin da shida suna ɗaki ɗaya da Gnahoré direba, suna ce wa mutane su 'yan'uwa ne. Unguwa ta sani, unguwa ta kama bakinta. Bara Gnahoré ya rasu.

Kwanan baya wata marubuciya, Ozoua, ta kawo masa wasan kwaikwayonta ya buga mata. Labarin maza biyu ne da ke son juna. Da farko yana karantawa yana tsaki.

"Ji ƙarya! Wai ya riƙe masa hannu a tasha. A Abidjan ɗin nan?"

"Tonton, kishi kake yi da mutanen takarda?" na ce.

"Soya kifinki, 'yar nan."

Kishin ne kuwa, har hancinsa buɗewa yake. Da ya kai shafin ƙarshe sai na ji injin ya yi shiru. A wasan, ɗayan ya mutu, uwarsa ta ɗauko atamfar ankon da dangi ke ɗinkawa ranar jana'iza, ta miƙa wa wanda aka bari, ta ce ya zauna a layin gaba tare da su.

Da Ozoua ta dawo, ya tura mata shafin.

"Ki cire wannan. Ba na bugawa."

"Haba Tonton, nan ne mutane za su yi kuka."

"Shekara nawa suka yi tare?"

"Biyu."

"Biyu! Shekara biyu har da anko? Ni na yi jinyar Gnahoré, ni na kwashe kashi da fitsari. Ranar jana'iza kujerar roba aka nuna min can baya, kusa da masu raba ruwa."

Tausayinsa ya kama ni, na sa baki na ce ya yi haƙuri, dangi ne, mantuwa suka yi.

Ya juyo ya dube ni.

"Mantuwa? Ke fa, Amenan? Attiéké kawai kike sayar masa, amma ƙanwarsa har gida ta kai miki naki ankon. Na gan ki a layi na biyu, ɗinkin ya yi miki kyau."

Atamfar tana nan cikin akwatina.