Masu Dogayen Ƙafafu a Bayan Randata

Aiki ne ya kawo maigidana Dutse bayan an ba mu jiha. Da ya rasu sai na zauna ni kaɗai a ɗakin haya a Yalwawa, 'ya'yana suna Aujara. Jama'ar da ta rage mini ita ce matan gidan. A ƙofata suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, don randata ta fi ta kowa sanyi.

Da damina ta kankama, wasu ƙwari masu ƙafafu kamar zare suka yi curi a bayan randar. Ban kula su ba. Sai ƙuraje suka feso wa matar mai gidan a wuya.

"Fitsarin tautau ne," in ji ta. "Kuma daga ɗakinki, Yaya. Kiwonsu kike yi?"

Daga ranar tabarma ta koma ƙofar wata.

Lokacin ina ajin manya, na haura arba'in ina koyon riƙe biro. Na kama ɗaya a kwalba na kai wa malamarmu. Ta ɗauko gilashin ƙara girma.

"Inna, duba da kanki. Tautau yana da ƙugu, jikinsa kashi biyu. Wannan fa?"

Dunƙule ɗaya ne kamar ƙwayar dawa, da idanu biyu a doronsa. Ta ce ba ya saƙa, ba shi da dafi, ƙafa takwas ce kawai ta haɗa shi da tautau. Danginsa daban ne, su ma kuma gida-gida ne. In ya tsorata wari yake saki, ko ya yar da ƙafa ya gudu.

Na dawo na faɗa wa matan gidan a tsakar gida, da ƙarfi, yadda na saba.

"Au, yanzu har ƙugun tautau ake koya muku a bokon?" Suka kwashe da dariya.

Kwana tara ina shan ruwana ni kaɗai. Ran na goma na ɗauki tsintsiya. Na san ba su yi wa kowa komai ba, da idona na gani, amma na share su. Ƙafa ɗaya ta rage a ƙasa tana ta motsi.

Da la'asar tabarma ta dawo. Matar mai gidan ta sha moɗa biyu ta ce, "Kin gani? Wuyan har ya fara bushewa."

Ni da ba a taɓa rufe wa baki ba, na karɓi moɗar na ce, "Allah ya ƙara sauƙi."