Abin da Ya Rage Bayan Haraji

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa a Kebbe, na zuba rabin kuɗin sallamata a hannun jari ta waya. Shekara uku ina kallon lambobi suna hawa, ina gaya wa maiɗakina cewa kuɗin sabon rufin gidanmu ne ke girma.

Wata ranar kasuwa na hau babur zuwa Tambuwal wurin ƙanwata, wadda ke aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma. Na miƙa mata wayar ina murmushi. Ta duba, ta ce, "Yaya, wagga riba ba taka ce duka ba. Bari in sa maka manhajar da ke nuna gaskiyar abin."

Ta shigar da ranakun da na saya, da la'adar dillali, da harajin da ake cirewa daga rabon riba, da tashin farashin kaya. Lambar da ta fito ja ce.

Na ce ban gane ba.

"Kuɗin sun ƙaru, Yaya. Amma kwanon da za su saya yau bai kai wanda za su saya ranar da ka zuba su ba."

Ta kawo mini fura, na kasa sha. Shekaruna sun wuce na sake farawa. Da na koma gida maiɗakina ta tambaye ni hanya, na ce lafiya. Har yau ban faɗa mata ba.