Mun Shirya Komai Ban da Hanya

A shekarun da abin nan ya faru ni dillalin motoci ne. Ina da ɗan fili a wurin sayar da motoci na Seme, gidanmu kuma yana cikin Zongon Kwatano, inda aka haife ni, aka haifi mahaifiyata. Na ɗan haura talatin, ina da mata da yara biyu, ga baki, don in na tsaya gaban mai saye sai ya ga motar ta fi gidansa kyau. Sana'ata manyan motocin nan ne masu jan ƙafa huɗu, waɗanda mu a nan muke kira katkat. Na sayar wa manoman auduga, na sayar wa 'yan siyasa, kowa ina gaya masa motar tana hawan dutse kamar akuya. Ni kaina kuwa ban taɓa sauka da ɗaya daga kan kwalta ba, in ban da yashin bakin teku na wajen Placodji, shi ma ranar hutu ne don yara su sha iska. Ina rubuto wannan ne don har yau abin yana ɗaure mini kai, na rasa inda zan ajiye shi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar gishiri da goro daga Kwatano zuwa arewa. A Zongo in ana gardamar hanya, da an ce a tambayi Kawu to magana ta ƙare. Mahaifinsa, wato kakana, fatake ne, ajali ya riske shi a kan tafiya a wani ƙauye bayan duwatsun da ke gaba da Jugu, aka binne shi can. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a ƙofar gida, Kawu ya ce ba shi da wani buri da ya rage sai ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa ya yi masa addu'a kafin nasa kiran ya zo. Ban bari ya rufe baki ba na ce ni zan kai shi, kuma ba a motar haya ba. Na faɗa da ƙarfi don mutane su ji, suka kuwa ji, aka yi ta sa mini albarka.

Kafin la'asar maganar ta kai majalisarmu, inda muke shan shayi a gaban shagon wani abokina. Dukanmu dillalai ne, kuma da suka ji za a fita daji da katkat sai kowa ya ce ba za a bar shi a baya ba. Tafiyar mutum biyu ta zama ta motoci huɗu. Aka buɗe zaure a waya, aka naɗa ni shugaban tafiya, daga nan ban sake samun barcin rana ba. An yi gardama a kan rago nawa za a kai sadaka. An yi gardama a kan ko za a ɗinka anko, har wani ya fita daga zauren cikin fushi saboda an ƙi launin da ya zaɓa, sai da na bi shi gida. An yi mako ana ja-in-ja a kan wanda zai bi bayan wa, domin a wurinmu ƙarami ba ya shiga gaban babba, a ƙarshe aka ce motar da Kawu yake ciki ita ce gaba, sauran su jeru bisa shekaru. Matanmu suka soya kaji, suka yi dambun nama, aka cika jarkoki da mai, har tabarmin salla da butoci ba mu manta ba. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa kawo maganarsa, wato ta ina za a bi bayan an bar kwalta.

Ba wai bai zo mini a rai ba. Na buɗe taswirar waya na nemi sunan ƙauyen, ban same shi ba, sai wani fili kore babu ko zane. Na yi niyyar in je wurin masu shanu da suke saukowa daga arewa in tambaye su, sai na tuna Zongo ba ta riƙe magana. Kafin in dawo gida zai kai kunnen Kawu cewa ɗan da ya rena ya je yana tambayar baƙi hanyar kabarin ubansa. Na ji kunyar hakan ƙwarai, na ce a raina ai ga mai hanya a gida. Lokacin tafiyar ma da idon Kwatano muka zaɓe shi. A nan ruwa yakan ɗauke a watan Agusta, gari ya yi sanyi, ƙasa ta bushe, muka ce ga lokaci ya yi. Babu ɗayanmu da ya tuna cewa a arewa a wannan watan ne ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Hanyar kwalta ba ta ba mu wahala ba. Kawu na gefena sanye da baƙin tabarau da ya fara sawa a 'yan watannin nan, yana ta ba ni labarin zamanin da. In na ce mun shigo gari kaza sai ya faɗi inda ake sayar da doya mai kyau, da inda jandarma, wato 'yan sandan hanya, suke tsayawa a da. Raina ya yi fari, na ce lallai tsohon nan hanya tana cikin jininsa. Muka kwana a Jugu gidan wani ɗan'uwan abokina, da safe muka ɗauki hanya. Da muka yi gaba kaɗan Kawu ya ce in na ga wata tsohuwar gada in karya hagu. Na ga wata gada, ban san ko tsohuwa ba ce ko sabuwa, na karya hagu, motoci uku suka biyo ni.

Daga nan ne rikicin ya fara, kuma shiru ne ya kawo shi. Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya zaizaye ta, ga duwatsu sun fito kamar haƙora, ga ciyawa ta fi motar tsawo. Ba mu yi nisa ba ta rabu biyu. Na rage gudu, na ɗan karkata sitiyari dama, ina jiran Kawu ya gyara mini in na yi kuskure. Bai ce komai ba. A yadda aka rene mu, in babba ya ga kana abu ya yi shiru to ya yarda ne, don haka na bi dama. A mararraba ta gaba ma haka, na karkata, ya yi shiru, na wuce. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa nan ne ko, ya ce in ci gaba, Allah ya yi mini albarka. Na baya suna kira na a waya suna tambaya ko an kusa, ina ce musu Kawu ya ce mu ci gaba, har sabis ya ɗauke muka huta da juna. Zuciyata tana gaya mini wani abu ba daidai ba ne, domin hanyar sai ƙara tsukewa take, alamar taya ta ɓace sai sawun shanu, amma na kasa buɗe baki in tambayi mutumin da ya koya mini tuƙi ko ya ɓata.

Wajen azahar muka gangara wani kwari, na ga ruwa kwance kamar bai kai idon sawu ba. Na taka mai, motar ta shiga ta zauna. Na biyun da ke bina bai tsaya ba, ya zo ya ratse gefe shi ma ya nutse har ƙofa, na uku ya ja birki a kan gangara ya zame ya daki dutse, ruwan injinsa ya tsiyaye. Muka fito cikin ankonmu farare, laka har gwiwa. Abin da ya biyo baya in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Dillalan katkat huɗu muka kewaye ƙaramin giyan da ke sa ƙafa huɗu su ja, kowa da fatawarsa. Wani ya ce sai an kashe mota, wani ya ce sai tana tafiya, wani ya rantse sai an fita an murɗa wani abu a jikin taya, muka duba babu abin murɗawa. Shekaru muna nuna wa masu saye giyan nan muna cewa lafiyarsa lau, ashe ba wanda ya taɓa sa shi. Da muka samu ya shiga ma, tayoyin da motocin suka zo da su daga jirgin ruwa sun suɗe, sai juyawa suke suna watsa mana laka a fuska.

Duk wannan abin Kawu yana zaune cikin mota bai motsa ba. Na zagaya wajensa, raina a ɓace, na durƙusa a bakin ƙofa na tambaye shi a hankali ko ƙauyen yana da sauran nisa, don mu aika a nemo taimako. Sai ya cire tabarau, ya juyo da fuskarsa wajena, amma idonsa bai sauka a kaina ba, ya wuce ta gefen kunnena. Ya ce mini ciwon suga ya cinye masa ido, ya kusa shekara ba ya ganin komai sai inuwa, daga ɗaki zuwa masallaci ƙafarsa ce ta haddace. Matarsa kaɗai ta sani, ya kuma hana ta faɗa. Ya ce da na tashi gaban mutane na ce zan kai shi, ya ɗauka na bincika hanya, mu yaran zamani da komai yake cikin wayarmu. Duk inda na karkata yana jin motar ta juya, sai ya yi shiru don kada ya kunyata ni a gaban abokaina. Ni ina bin sa, shi yana bi na, motoci uku suna bin mu.

Ban san abin da na ce masa ba. Na tuna dai na zauna a cikin lakar nan, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina jin haushin kaina, ban san wanne ya fi ba. Wasu makiyaya ne suka gan mu da yamma, washegari suka dawo da manoma da shanun huɗa aka ja mu. Da muka faɗi sunan ƙauyen sai suka nuna bayan wani dutse can gabas, suka ce tun gadar farko muka kauce, kuma rafin da ke tsakani ba ya ƙetaruwa sai ruwa ya janye. Kafin nan ƙafar Kawu ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi saboda sanyi da rashin cin abinci a kan lokaci. Muka juya, aka jawo mota ɗaya da igiya har Jugu, inda aka kwantar da shi asibiti.

Da muka dawo Zongo na yi masa alkawari da rani za mu koma, ni da shi kawai, da wanda ya san hanya. Ya ce Allah ya kai mu, bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya fi ci masa rai, ina jin, shi ne yanzu kowa ya san ba ya gani, mutane suna riƙe masa hannu a hanyar masallaci, ba mai sake zuwa tambayarsa hanya. Jikinsa bai koma daidai ba, kafin rani ya yi ya rasu. Wasu cikin dangi sun ce tafiyar ce ta ƙarasa shi, wasu suka ce kwana ne ya ƙare.

Bayan an yi arba'in na hau motar haya ni kaɗai, na sauka a Jugu, na ɗauki mai babur ɗan yankin, ya kai ni ƙauyen ba tare da ya yi ko kuskure ɗaya ba. Mutanen suka karɓe ni da mutunci, suka kai ni maƙabartar Musulmi, wani fili mai ciyawa da 'yan duwatsu a warwatse. Na tambayi kabarin baƙon fatake ɗan Kwatano. Dattawan suka dubi juna, suka ce waɗanda suka san wannan sun daɗe da rasuwa, sai dai in ɗansa da yakan zo a da zai nuna. Na tsaya a bakin filin na ɗaga hannu na yi addu'a, ban san ta wane gefe zan fuskanta ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Duk wanda zai ja mutane zuwa daji, ya fara sanin hanya da yanayin ruwan can, ba na garinsu ba, ya kuma gwada motarsa a laka kafin ya ɗora tsoho a ciki. Abin da ya fi wannan, 'yan'uwana, kunyar manya tarbiyya ce kuma ba na cewa a bar ta, amma akwai tambayar da rashin yin ta ba ladabi ba ne. Ku keɓe da tsofaffinku inda ba kowa, ku tambaye su abin da suke iyawa da abin da ya fara gagararsu, kada ku jira su faɗa, don ba za su faɗa ba. Da na shiga ɗakin Kawu na rufe ƙofa na yi masa tambaya ɗaya, da na riƙe hannunsa har filin nan, ya gaya mini inda mahaifinsa yake kwance.