Hannuwan Sannu-Sannu

A kamfanin sabulun da ke bayan tashar motoci babu wanda yake kiranta da wani suna sai Sannu-Sannu, kuma ba zalunci aka yi mata ba. Idan ta tashi daga benci za ta sha ruwa, kana iya amsa waya ka gama kafin ta kai bakin famfo. Idan ka gaishe ta, sai ta ɗan yi nazarin gaisuwar tukuna. Tun tana yarinya haka take. Yayarta ce ta raɗa mata sunan, ita ce kuma ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta aurar da ita, ta kawo ta kamfanin da hannunta shekara goma sha tara da suka wuce.

Mata shida ne a teburin naɗi. Inji yana yanko sabulu a ɗakin baya, a turo musu a kan faranti, su kuma su naɗe kowane ɗaya a takarda mai santsi, su lanƙwasa kusurwa huɗu, su ɗiga gam, su jera a kwali. Kowace mace tana da alamarta da take zanawa da alli a jikin kwalinta. Ƙa'idar kamfani kwali goma sha biyu ne a yini. Ƙa'idar teburi kuma, wadda ba a rubuta a ko'ina ba, ita ce kada wata ta kuskura ta yi sha uku, domin ranar da aka ga sha uku, to sha ukun ne zai zama ƙa'ida.

Yayar ita ce uwar teburi, kowa Yaya yake ce mata, har direban da ke zuwa ɗaukar kaya. Mace ce mai baki. Daga safe zuwa tashi tana ba da labari, kuma ba ta iya ba da labari sai tana kallon idon mai saurare. Ta san wanda ya sayi firji, ta san wadda ta yi yaji ta dawo ba a biko ba. Duk sabuwar da aka kawo, ita ke koya mata lanƙwasa kusurwa, saboda haka naɗin matan shida iri ɗaya ne sak. Kullum idan an kusa tashi sai ta leƙa kwalin ƙanwarta ta girgiza kai.

"Ku dubi wannan baiwar Allah. Ni na gama, ita tana nan tana lallashin sabulu. Ba don ni ba ai da tuni an sallame ki."

"Haka ne, Yaya," in ji Sannu-Sannu.

Abin da Yaya ba ta sani ba, sauran huɗun kuma suka sani suka ja bakinsu suka tsuke, shi ne shekara bakwai ke nan ba ta cika kwali sha biyu da hannunta ba. Yatsunta sun fara ƙagewa, musamman da safe. Sannu-Sannu tana zaune a hagunta. Duk lokacin da Yaya ta juya dama don ta ga yadda labari ya shiga mutane, sai naɗaɗɗen sabulu biyu ko uku su gangaro daga hagu su shiga cikin tarin nata. Gwiwar hannu ce take yin aikin, fuska kuwa tana kallon bango. Shekaru sun sa hannun Sannu-Sannu ya yi wani irin sauri da ita kanta ba ta san iyakarsa ba, don ba ta taɓa sake masa linzami ba. Tana yin nata, tana yin rabin na Yaya, sannan ta ja ƙafa ta zama ta ƙarshen gamawa don a sami abin yi wa faɗa.

Idan aka sallami Yaya, ba ta da wani wurin zuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yan sun watse neman na kansu, kuma ita ba mace ce da za ta zauna a ɗakin wani ana miƙo mata kwano ba. Sannu-Sannu ta san wannan sarai, shi ya sa ba ta taɓa jin nauyin abin ba.

Ranar da abin ya lalace, Yaya ta tafi asibiti a duba mata yatsu. Ta ce kafin sha biyu ta dawo, layi ya riƙe ta har ƙarfe uku. Motar ɗaukar kaya za ta tashi ƙarfe huɗu, ga kwalaye shida masu alamar Yaya a buɗe, babu komai a ciki. Sannu-Sannu ta dubi ƙofa, ta ga manaja ba ya nan. Ta gyara zama, ta jawo faranti gabanta.

Matan nan huɗu da suka yi shekaru suna zaune da ita sai suka ajiye aikinsu. Takarda tana tashi, sabulu yana juyawa a iska, babban yatsa ya danna, ɗan yatsa ya lanƙwasa, kafin na farko ya sauka a kwali na biyu ya riga ya shiga riga. Ba ka jin komai sai ƙaf, ƙaf, ƙaf. Fuskarta kuwa kamar mai jiran mota. Direba yana jingine a taga yana sakace, sai ya jefar da tsinken ya zaro waya. Bai ɗauki fuska ba, don ya san za a zage shi. Hannuwa kawai ya ɗauka, na daƙiƙa arba'in, ya ɗora a intanet.

Cikin kwana biyar mutum miliyan uku suka kalli hannuwan. Wani ya ɗora musu kiɗa. Wani ya haɗa su da mai jefa bulo zuwa bene da mai yanka kankana a iska, ya sa wa haɗin suna mai ban tsoro. A ƙasan bidiyon mutane suna ta rubutu da harsunan da direba bai san ma akwai su ba. Wani ya ce inji ne aka sa wa fata. Mutum uku sun nemi aurenta ba su ga fuskarta ba. Masu cewa an ƙara wa hoton gudu suka ja daga da masu cewa gaskiya ne, har wani bawan Allah ya ɓata yini guda yana ƙirga juyawar fankar da ke bayanta, ya fito da hujja cewa ba a taɓa bidiyon ba.

Mijinta, mai gyaran rediyo, shi ya nuna mata bayan ta dawo daga aiki. Ya gane tabon da ke babban yatsanta na hagu, inda wuƙar yanka takarda ta taɓa cin ta. Ya kalli wayar, ya kalli matar da ke ɗaukar minti ashirin tana neman takalminta.

"Ashe," ya ce. Iyakar jawabinsa ke nan.

Ta karɓi wayar ta shiga ɗaki. Ba ta taɓa ganin hannuwanta daga waje ba. Ta kalla sau ɗaya, ta sake, ta sake, har ta daina ƙirgawa. Daɗi ta ji, daɗi sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar aurenta. Shekara arba'in da shida ana ce mata ta yi sauri, yau ga mutanen da ba su san ta ba suna roƙon a rage gudu don su gani. Sai da ta mayar masa da wayar sannan tsoro ya zo.

Manajan ɗan mai kamfanin ne, bai daɗe da karɓar kujerar ba, kuma yana da son lissafi. Ya gane takardar sabulunsa a bidiyon. Ranar Litinin ya shigo ɗakin naɗi da waya a hannu, ya kunna musu, ya bi da ita gaban kowace mace.

"Iyayena, duniya tana kallonmu," in ji shi. "Don Allah kowa ta ɗora hannu a kan teburi."

Hannuwa goma sha biyu suka hau teburi kamar za a duba farce a makaranta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da hoton. Da ya zo kan tabon sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya ga ko wace ce, ya sake duba tabon don ya tabbatar.

"Mama, ke ce?"

"Hannuna ne, ranka ya daɗe."

"To alhamdu lillahi. Idan mutum ɗaya tana iya wannan, ai mutum uku sun ishi teburin nan. A mayar da ƙa'ida kwali ashirin da huɗu, in ƙara wa waɗanda suka rage wani abu. Yi mini in gani." Ya kunna agogon waya.

Babu wadda ta kalli wata. Kowa ta san su wa za a fara cirewa, kuma kowa ta san wadda ke kan gaba.

Sannu-Sannu ta ɗauki sabulu ta duba shi gaba da baya. Ta ɗauki takarda, ta ga biyu ne suka manne, ta lashi yatsa ta raba su. Ta naɗe, ta ɗiga gam, gam ya yi yawa, ta goge. Na huɗu ya suɓuce ya faɗi ƙarƙashin teburi, ta sunkuya nemansa. Da daƙiƙa arba'in suka cika ta yi biyar, ɗaya a karkace.

"Mama, a nan talatin kika yi."

"Direba ne ya ƙara masa gudu, ranka ya daɗe. Ka san su da waya."

Aka kira direba. Ya shigo yana murmushin mutumin da ya yi suna, sai ya tarar da idanu goma sha biyu a kansa. Mutum ne mai hankali, kuma waɗannan matan ne suke ajiye masa ruwan sanyi.

"Na ɗan taɓa shi, yallaɓai," ya ce. "Kaɗan dai."

Manaja ya yi tsaki, ya ce a goge sunan kamfaninsa daga wannan shirme. Direba ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa wasa ne, an ƙara gudu. Aka zage shi na kwana biyu, aka zagi mai ƙirga fanka na kwana uku, sannan duniya ta koma kallon wani mai ɗora kujeru a haɓa. Sannu-Sannu ta ji zafin abin fiye da yadda ta zata. Amma benci shida suna nan, ta ce a ranta ya isa.

Sai dai tun da aka kunna bidiyon Yaya ba ta ba da labari ko ɗaya ba. Manaja hannu ya kalla. Ita kuwa kwalin da hannun yake cikawa ta kalla, ta ga alamarta ta alli a jikinsa. Ranar asibitin ce mata aka yi duk teburi ne suka taru suka taimaka. Kuma ta san fankar ɗakin, ta san yadda take juyawa.

A hanyar gida, daidai inda ake wanke motoci, ta tsaya ta dubi ƙanwarta.

"Tun yaushe?"

"Me fa, Yaya?"

"Kada ki mayar da ni manaja. Tun yaushe?"

Sannu-Sannu ta yi nazarin tambayar kamar yadda ta saba. "Shekara bakwai."

"Kwali nawa?"

"Da farko ɗaya ne. Yanzu biyar. Ran sanyi shida."

"Su ma sun sani?"

"Sun sani."

Yaya ta gyaɗa kai ta ci gaba da tafiya. A kwana suka rabu.

Washegari Yaya ta riga kowa zuwa. Ta ja bencinta zuwa can ƙarshen teburi, inda babu kowa a hagunta sai bango. Ta yi aiki yini guda kanta a sunkuye, tana cije leɓe idan kusurwa ta ƙi lanƙwasuwa. Da rana ta yi, wata daga cikin matan ta turo mata guda uku kamar bisa kuskure. Yaya ta tura mata abinta ba tare da ta ɗaga kai ba. Sannu-Sannu tana daga nesa tana ji kamar ta kurma ihu, hannuwanta suna ta yin sha biyunsu su kaɗai.

Ƙarfe biyar manaja ya zo ƙirga. Ya tsaya a kan kwalayen Yaya ya ƙirga sau biyu.

"Bakwai, Mama? Ko jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau. Bakwai ne, kuma ni na yi su. Iyakar hannuna ke nan, ɗana. Gobe ma bakwai ne, in ma ya kai. Ka nemi wata."

Ya rubuta wani abu a takardarsa ya fita. Matan huɗu suka ɗauki jakunkunansu suka sulale, ɗaya tana share ido da bakin mayafi.

Da ɗakin ya rage su biyu, Yaya ta ɗebo sabulu goma da takarda goma ta zube a gaban ƙanwarta.

"Yi mini irin na wayar."

"Yaya..."

"Na ce ki yi."

Ƙaf, ƙaf, ƙaf. Kafin Yaya ta gyara tsayuwa goman suna jere. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta duba kusurwa huɗun tana neman abin faɗa, ba ta samu ba.

"Kwalayen na yafe miki," ta ce. "Amma ni na koya miki naɗin nan. Kina zaune a gefena kina wannan, mutum miliyan uku suka riga ni gani. Wannan ne ya fi yi mini ciwo."

Sannu-Sannu ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan takardun. Yaya ta kai hannu baya za ta kwance igiyar rigar aikinta. Ta yi ta lalube, ƙullin ya ƙi. Sai ta juya wa ƙanwarta baya.

"Taso ki kwance mini," ta ce. "Ba na iyawa."